Baturen da ya ɗauki ƙoƙon bara: amsa kan Ajahn Sumedho da masu zaman shiru na Ingila

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ne ya turo min tambaya, ya ce ranar Asabar ya shiga gari sayayya sai ya ga wasu Turawa biyu kai a aske ƙwal, sun naɗe jiki da yadi ruwan ƙasa, suna tsaye bakin titi shiru kowa rungume da kwano. Tausayi ya kama shi ya miƙa musu fam biyu, suka yi murmushi suka ƙi karɓa, can wata tsohuwa ta zo da burodi da ayaba ta saka musu a kwanon suka karɓa. Da ya yi tambaya aka ce masa ai almajiran wani tsohon Ba'amurke ne, malamin addinin Buddha. Shi ne yake so ya san wane ne wannan mutumin, me yake koyarwa, kuma wai wannan zaman rufe ido da suke yi shi ne dai wanda ake ta tallatawa a waya da asibitoci don rage damuwa?

To ƙanena, ka taɓo inda na ɗan sani, don nazarin addinai na karanta kuma a kan waɗannan mutanen na yi wani ɓangare na bincikena, har gidan zuhudunsu na sha zuwa. Amma tun farko bari in faɗa, bayani zan yi maka ba fatawa ba, fatawa tana da masu ita.

Daga yadda ka kwatanta su, kalar yadin da ƙin taɓa kuɗi da tsayuwa shiru ba roƙo da baki, 'yan ɗarikar daji ne ta ƙasar Tailan, kuma tsohon da aka ce maka shi ne Ajahn Sumedho. Ajahn ɗin nan (Ajan ake furtawa) ba suna ba ne, malam kawai yake nufi a harshen Tailan, kuma a wajensu sai ɗan zuhudu ya yi damina goma cikin yadin sannan ake kiransa haka, don su da damina suke ƙirga girma ba da shekarun haihuwa ba. Almajiransa ma yanzu Luang Por suke ce masa, kamar ka ce baba mai daraja.

Asalin sunansa Robert Jackman, an haife shi a Seattle ta Amurka a Yulin 1934. Yana ɗan shekara 18 ya shiga sojan ruwa a matsayin ma'aikacin jinya, lokacin yaƙin Koriya, ya yi shekara huɗu, a nan ne ya fara leƙa ƙasashen Asiya abin ya shiga ransa. Ya dawo ya yi digiri kan nazarin Gabas mai Nisa, ya yi na biyu a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya ya gama a 1963, sannan ya tafi tsibirin Borneo koyar da Turanci ƙarƙashin shirin 'yan sa-kai na Peace Corps daga 1964 zuwa 1966. Ka ga dai mutum ne mai takardu, da ya so da ya zama lakcara ya yi zamansa, amma a 1966 sai ga shi a Nong Khai can arewa maso gabashin Tailan ya aske kai ya zama ɗan koyo, shekara ta zagayo a 1967 aka naɗa shi cikakken bhikkhu. Kalmar bhikkhu kuwa ma'anarta ta asali mai bara, ba wani abu ba.

Inda labarin ya yi armashi shi ne haɗuwarsa da Ajahn Chah, wani malamin daji a lardin Ubon, mai gidan zuhudun Wat Nong Pah Pong. Ajahn Chah ɗan ƙauye ne, ɗan manoma, ba ya jin Turanci, shi kuma Baturen lokacin harshen yankin bai zauna masa ba. Ajahn Chah ya karɓe shi amma da sharaɗi, ba za a yi masa wani gata don shi Bature ne ba, abin da kowa ya ci shi zai ci, aikin da kowa ya yi shi zai yi. Wato shinkafa mai danƙo sau ɗaya a rana, tashi ƙarfe uku na dare, tafiya ba takalmi cikin ƙauye da asuba neman abinci, jan ruwa a rijiya, sharar ganye cikin rana. Shekara goma ya yi a hannun mutumin nan.

Akwai labarai biyu da shi da bakinsa yake yawan bayarwa, kuma ni a ganina duk koyarwarsa ta baya tana cikinsu. Na farko, wata rana suna shara rana ta take, gumi na zuba, yana ta mita a zuciyarsa wai shi da ya zo neman wayewar zuciya an mai da shi mai shara. Sai Ajahn Chah ya zo wucewa ya yi murmushi ya tsokane shi da cewa lallai gidan nan wahala gare shi ko, ya yi gaba abinsa. Maganar ta tsaya masa a rai, ya duba ya ga sharar kanta ba wata wahala ba ce, tsintsiya ce da ganye, wahalar ita ce wannan mitar da yake ta dafawa a ciki. Na biyun kuma, idan Ajahn Chah ya dawo daga bara almajirai sai su ruga su yi cincirindo wajen wanke masa ƙafa, shi kuma a matsayinsa na Ba'amurke abin yana ba shi haushi, mutum ashirin ko talatin a kan ƙafa biyu, ya ce shi kam ba zai yi wannan wautar ba. Kullum yana gefe yana ƙuna. Ranar da ya lura cewa duk wajen shi kaɗai ne ke cikin baƙin ciki, sai ya kutsa shi ma ya wanke, ya ji sakayau. Kai da ka taso inda ake ɗaukar wa malam buta da takalmi ba za ka ga abin mamaki a nan ba, amma ga ɗan Seattle mai digiri biyu ba ƙaramin karya girman kai ba ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa suka ƙi fam biyunka. Bhikkhu yana ƙarƙashin dokoki 227, kuma ɗarikar Ajahn Chah an san ta da tsanani a kansu. Ba ya taɓa kuɗi, ba ya saye ba ya sayarwa, ba ya haƙa ƙasa balle noma, ba ya ajiye abincin yau ya ci gobe, ba ya cin abinci bayan rana ta raba, ba aure ba kusantar mace ko kaɗan, kuma abincin ma ko yana gabansa ba zai ɗauka ba sai wani ya miƙa masa hannu da hannu. Ba ya kuma buɗe baki ya ce a taimaka, tsayawa kawai yake yi. Ka lura da abin da wannan tsarin ya haifar, an ɗaure shi da jama'a ta ciki, ranar da mutane suka daina ganin amfaninsa ranar zai kwana da yunwa. Da gangan aka tsara shi haka tun zamanin Buddha kansa, wajen shekara 2,500 ke nan.

A 1975 Turawan da ke zuwa wajen Ajahn Chah sun yi yawa, sai aka buɗe musu nasu gidan kusa da nan, Wat Pah Nanachat, inda ake koyarwa da Turanci, aka ba Sumedho shugabanci. Bayan shekara biyu, 1977, wata ƙungiya a Landan mai suna English Sangha Trust ta gayyaci Ajahn Chah, ya taho da Sumedho, da zai koma sai ya bar shi a can da wasu 'yan tsiraru a wani gida a unguwar Hampstead. Tun kafin nan Sumedho ya taɓa nuna shakka, ta yaya mai bara zai rayu a ƙasar da ba a san wannan al'adar ba, malamin ya mayar masa da tambaya, wato a can ɗin babu mutanen kirki ne? Shi ke nan amsar.

Suka riƙa fita da kwano kowace safiya, yawanci su dawo da shi wayam, mutane na kallonsu kamar sababbin mahaukata. Amma a irin wannan fitar ce, a filin Hampstead Heath, wani mutum da ya fito gudun motsa jiki ya tsaya ya yi musu magana, ashe yana da wani daji a West Sussex da ya saya yana neman wanda zai kula da shi, ƙarshe dai ya ba su dajin kyauta, fiye da eka 100, Hammer Wood sunansa. Kusa da dajin akwai wani tsohon gida da ya kusa zama kango, rufi na yoyo katako ya ruɓe, aka sayar da na Landan aka saye shi, a 1979 suka tare. Shi ne Chithurst, wanda suka raɗa wa Cittaviveka. Da hannunsu suka gyara shi su da 'yan sa-kai. A 1984 wuri ya yi kaɗan aka buɗe Amaravati kusa da Hemel Hempstead, arewa da Landan, a wata tsohuwar makaranta mai ɗakunan katako. Rassa kuma suka yi ta fita, Northumberland da Devon a cikin Ingila, Suwizalan, Italiya, New Zealand, har Kalifoniya inda aka buɗe Abhayagiri a 1996.

Amaravati ɗin ita na fi sani. Abin da ya fara ba ni mamaki ba zaman shirun ba ne, lokacin abinci ne. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe sai ka ga motoci na shigowa, iyalai 'yan Tailan da 'yan Siri Lanka da Turawa, wasu sun tuƙo awa biyu, kowa da kulolinsa. A jera abinci a dogon tebur, mutane su yi layi kowa ya zuba cokalin shinkafa a kwanon kowane ɗan zuhudu, su kuma su yi wata waƙar sa albarka da harshen Pali, wato tsohon harshen littattafan addininsu, sannan su ɗebi komai a kwano ɗaya, shinkafa da miya da kek duk a haɗe, su ci shiru kafin rana ta raba. Wanda ya kawo abincin shi ne ke godiya, ba wanda ya ci ba. Kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa, ko kwana za ka yi, ko halwar kwana goma za ka shiga, littattafansu ma kyauta ake rabawa. Akwai akwatin sadaka, wanda ya ga dama ya saka, kuɗin kuma wasu amintattu ne da ba 'yan zuhudu ba ke juya shi.

To me yake koyarwa? A Hausa mun saba fassara wannan zaman rufe idon da zuzzurfan tunani, kuma gaskiya fassarar nan tana ɓatar da mutum, don ba tunani ake zurfafawa ba, kusan ma akasin haka ne. Zama ake yi a miƙe da baya, a sa hankali kan numfashi, shigarsa da fitarsa, a ɗarikar daji wasu na haɗawa da kalmar Buddho, wato sunan Buddha, rabi in an ja rabi in an sake. Tunani zai zo dole, bashin da ake binka, maganar da wani ya faɗa maka shekaran jiya, abin da za ka ci anjima. Aikin shi ne ka gane ya zo, kar ka bi shi kar kuma ka yi faɗa da shi, ka komo kan numfashi. In an gaji da zama a tashi a yi na tafiya, taku ashirin zuwa talatin, a je a dawo a je a dawo. Sumedho ya shahara da abu biyu a nan. Ɗaya shi ne wata 'yar jimla da ba ya gajiya da maimaitawa, ma'anarta haka abin yake, wato fushi haka yake, ciwon gwiwa haka yake, ka san shi yadda yake kafin ka fara ƙulla masa labari. Ɗayan kuma abin da yake kira sautin shiru, wani siririn ƙara da mutum kan ji a kunnensa in wuri ya yi tsit, yana koya wa mutane su jingina hankalinsu a kansa maimakon numfashi. Wannan na biyun ba daga Ajahn Chah ya samo shi ba, nasa ne, kuma ba duk malaman Theravada, wato reshen addinin Buddha da ake bi a Tailan da Siri Lanka, ne ke koyar da shi ba.

Na gwada zaman sau ɗaya don in san abin da nake rubutu a kai, minti arba'in da biyar. Wallahi kafin minti goma gwiwata ta dama ta fara ƙara, hancina na ƙaiƙayi, na shirya jawabin da zan yi wa wani da muka yi saɓani tun a gida har da amsar da zai ba ni da wadda zan mayar masa, wata tsohuwar Baturiya kusa da ni kuwa ko gezau kamar an dasa ta. Da aka buga ƙararrawa na duba ashe numfashi biyar a jere ban iya bi ba. Duk mai ce maka zaman nan hutu ne bai taɓa yi ba.

Amma zaman nan ba shi kaɗai yake tsaye ba, a nan ne gizo ke saƙar. Ginshiƙin wa'azin Sumedho shi ne abin da suke kira gaskiya huɗu masu daraja: akwai dukkha, wato rashin gamsuwa da ke manne da rayuwa, sanadinta ƙishirwar rai ce da riƙo, tana iya yankewa, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai wa ga yankewarta, wadda ta haɗa gyaran magana da sana'a da ɗabi'a ba zama kawai ba. Ana zaman ne don mutum ya gani da kansa cewa komai mai gushewa ne, kuma babu wani tabbataccen ni a cikin jiki ko tunani, abin da suke kira anatta. Manufar ƙarshe nibbana ce, fita daga zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa. Babu Mahalicci a cikin wannan tsarin, babu ranar hisabi irin wadda muka sani, kuma safe da yamma suna rusunawa gaban mutum-mutumin Buddha, ko da yake su za su ce maka girmamawa ce ga malami ba bauta ba. Don haka masu cewa ai duk ɗaya ne da halwa ko muraƙabar sufaye, kamannin na waje ne, shiru da ƙanƙan da kai da bin shehi, amma inda aka dosa daban ne, sufi Allah yake nema. Su kansu ba sa ɓoye wannan bambancin in ka tambaye su.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ta manhajar waya. Dangi ne amma ba abu ɗaya ba ne, kuma tarihin yana da daɗi. Wani Ba'amurken, Jack Kornfield, shi ma ya yi zuhudu a hannun Ajahn Chah ɗin nan, amma ya ajiye yadin ya koma gida, shi da Joseph Goldstein da Sharon Salzberg suka kafa cibiyar Insight Meditation Society a garin Barre na jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970, suna koya wa masu aure da masu aikin ofis zaman ba tare da aski da kwano ba. Sannan a 1979, shekarar da su Sumedho ke fama da yoyon rufi a Chithurst, Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts, ya cire sunan Buddha da Pali da rusunawa gaba ɗaya, ya bar lura da numfashi da jiki don masu ciwo mai naci da damuwa. Daga wannan reshen ne aka samu wanda hukumar lafiya ta Ingila ta amince da shi tun 2004 ga masu ciwon baƙin ciki mai yawan dawowa, daga nan kuma 'yan kasuwa suka ɗauka suka zuba a waya ana biyan kuɗin wata. Wato itace ɗaya ne, wasu suka ɗebi 'ya'yan suka kai kasuwa, shi kuma Sumedho ya dage sai ya ciro shi da saiwarsa da ƙasarsa ya dasa a Ingila. Mutane da yawa a lokacin sun ce ba zai kama ba, a sassauta dokokin, a bar su su riƙe kuɗin mota ko su ci abincin dare saboda sanyi. Abin da aka sassauta kaɗan ne, misali an yarda su sa riga mai hannu da safa da hula saboda hunturu. Ni a nawa hukuncin wannan taurin kan shi ne aikinsa na gaske, ya fi duk wa'azinsa nauyi, don masu iya bayanin numfashi da Turanci mai daɗi suna da yawa, amma wanda ya sa Bature ya rayu shekara arba'in da ɗoriya ba ko kwabo a aljihu a tsakiyar Ingila, kuma aka samu masu ciyar da shi kullum, ba su da yawa. A ƙidayar 2021 mabiya Buddha a Ingila da Wales wajen 273,000 ne kacal, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ka ga ba wata babbar al'umma ce ke ɗauke da su ba.

Sai dai wannan riƙon al'adar yana da nasa tsadar, kuma ba zan tsallake ba. Maganar mata ce. A Tailan hukumar addinin ba ta yarda da naɗa mace cikakkiyar bhikkhuni, wato macen bhikkhu, ba, sun ce silsilar ta yanke tun ƙarnoni. Sumedho ya nemi tsaka-tsaki, a 1983 ya fara wani tsari na mata mai suna siladhara, masu dokoki goma da ƙarin horo, suna sa yadi ruwan ƙasa mai duhu, suna wa'azi suna jagorantar halwa, a lokacin an ga ci gaba ne babba. Amma a 2009 aka gabatar musu da wasu sharuɗɗa biyar, ciki har da cewa bhikkhun da aka naɗa yau yana gaba da siladharar da ta shekara talatin, kuma tsarin nasu ba tsani ba ne zuwa cikakken naɗi. A shekarar dai, a Oktoba, Ajahn Brahm, wani almajirin Ajahn Chah ɗan Ingila da ke Perth ta Ostareliya, ya shiga cikin naɗa mata huɗu bhikkhuni, aka cire gidansa daga ɗarikar. Mata da dama suka bar Amaravati da Chithurst, wasu suka tafi Kalifoniya suka karɓi cikakken naɗin a 2011. Masu kare Sumedho na cewa da ya yi gaban kansa da igiyar da ta haɗa su da Tailan ta tsinke, masu suka na cewa wanda ya iya shawo kan dattawa a kan rigar sanyi ai da ya gwada a kan wannan ma. Har yau ciwon bai gama warkewa ba a tsakaninsu.

A Nuwamban 2010 Sumedho ya sauka daga shugabancin Amaravati ya miƙa wa Ajahn Amaro, ɗan Ingila, ya koma Tailan ya yi wajen shekara goma, sannan a 2021 ya dawo Amaravati da zama, a Yulin 2024 ya cika 90. Wa'azozinsa na nan birjik a YouTube, magana yake yi a hankali yana yi yana dariyar kansa, kuma kusan abu ɗaya yake ta juyawa shekara da shekaru.

In ka sake cin karo da su a gari kuma ka ji kana son ba su wani abu, to abin ci za ka saya ka saka a kwanon da hannunka, kuma ka tabbata kafin sha biyun rana ne, bayan nan ko ka ba su ba za su ci ba.